Yadda Ake Gane Matsayin Mutum a Birtaniya ta Farkon Zamanin Masana'antu

Duk wanda ya zauna karatun tarihin Birtaniya tsakanin 1760 da 1850, ko ɗalibi ne da aka ba shi aikin rubutu, ko kuwa mai son sanin yadda zamanin injuna ya faro, zai yi ta cin karo da mutane iri-iri: mai masaƙa, masaƙin hannu, limamin coci, baranya, mai gonaki, da yaron da ke ɗaura zare a bakin inji. Kuskuren da aka fi yi shi ne a kasa su gida biyu, masu hannu da shuni da talakawa, a wuce. Mutanen wancan zamani ba haka suka riƙa kallon junansu ba, domin akwai attajirin da ya fi mai sarauta kuɗi amma ba a gayyatarsa cin abinci a gidan mai sarautar, akwai kuma akawun da albashinsa bai kai na ƙwararren mai kaɗi ba amma yana ganin kansa a sama da shi. Hanyar da nake ganin ta fi kai mutum ga gaskiya ita ce ya ajiye tambayar yawan kuɗi tukuna, ya fara da wasu uku: daga ina abincin mutumin yake fitowa, wa ke da iko da lokacinsa, kuma me zai same shi ranar da ya kasa fita aiki.

Kafin ka yi waɗannan tambayoyi, ka tabbatar da shekara da wuri, domin sunan sana'a ɗaya yana iya nufin wadata a wata shekara, ya nufi yunwa bayan shekara talatin. A wajen 1770 yawancin kaɗi da saƙa a gida ake yin su: ɗan kasuwa ya kai wa iyali ulu ko auduga, mata da yara su kaɗa, maigida ya saƙa, a mayar da yadi a karɓi lada. Richard Arkwright ya buɗe masaƙarsa ta kaɗin auduga a Cromford a 1771, kuma ƙarfin ruwa ne ke juya injunanta, shi ya sa masaƙun farko suka kasance a karkara kusa da rafuka. Sai da injin tururi ya yaɗu aka sami damar kafa su a tsakiyar birane, inda akwai kwal da tarin masu neman aiki. Mancesta, wadda ke da mutane kimanin 75,000 a 1801, ta haura 300,000 a 1851. Jama'ar Ingila da Wels sun tashi daga kusan miliyan 9 zuwa kusan miliyan 18 a tsakanin ƙidayar jama'a ta 1801 da ta 1851, kuma a ƙidayar 1851 ne aka fara samun mazauna birane sun ɗara na karkara. Amma kada wannan ya sa ka ɗauka kowa a masaƙa yake aiki. Har a 1851 noma ya fi kowace sana'a ɗaukar mutane, kuma masu aikatau a gidajen wasu sun fi ma'aikatan auduga yawa nesa ba kusa ba.

Masaƙin hannu shi ne misalin da ya fi nuna amfanin duba shekara. Injunan farko na kaɗi ne, ba na saƙa ba, saboda haka zare ya yi yawa ya yi araha, masu saƙa suka yi ƙaranci, har wanda ke saƙa a gidansa a yankin Lankasha wajen 1800 yana iya samun fiye da sule 20 a mako, yana kuma ɗaukar kansa mai sana'a da ba a juya shi. Wannan samu ya jawo dubban mutane cikin sana'ar, lada ya fara faɗuwa, sannan injin saƙa ya zo ya ƙarasa ta. A shekarun 1830 masaƙan hannu da yawa ba sa wuce sule 5 ko 6 a mako, alhali suna aiki tun asuba har dare. Idan ka ga an kira mutum masaƙi, to ba ka san komai game da shi ba sai ka san shekarar.

Abu na gaba shi ne ka koyi kuɗin zamanin. Fam ɗaya sule 20 ne, sule ɗaya kwabo 12, wato kwabo 240 ke yin fam. Akwai kuma gini, wanda yake sule 21, kuma da shi ake faɗin ladan likita da na lauya da farashin doki mai kyau, yayin da ladan lebura da sule ake ƙirga shi. Ka kula da yadda ake ambaton samun mutum, domin wannan kaɗai alama ce: masu matsayi da shekara ake faɗin nasu, a ce wane yana da fam dubu kaza a shekara, ma'aikaci kuwa da mako. Kada ka wahalar da kanka wajen mayar da waɗannan kuɗaɗe zuwa na yau, ka auna su da burodi. A shekarun tsada irin su 1801 da 1812, babban burodi mai nauyin kusan kilo biyu ya haura sule ɗaya a Landan. Ka ɗauki magidanci mai samun sule goma a mako, da mata da yara huɗu da ke iya cinye irin wannan burodi a yini guda, ka cire kuɗin haya da na kwal da na kyandir, za ka ga da kanka dalilin da ya sa ake tura yaro ɗan shekara bakwai neman kwabo.

Tushen abincin mutum

A ƙoli akwai masu ƙasa. Wasu suna da sarautar gado da kujera a majalisar iyayen ƙasa, wasu kuma ba su da sarauta amma suna da gonaki masu faɗi da babban gida a karkara. Abin da ya haɗa su shi ne ba sa aiki don su ci, hayar gonaki ce ke ciyar da su. Ɗan fari namiji ne ke gadon ƙasar gaba ɗaya don kada ta rarrabu, ƙannensa kuma a nema musu limancin coci, ko aikin lauya, ko a saya musu muƙamin hafsa a soja, domin a lokacin da kuɗi ake sayen irin wannan muƙami. Daga cikinsu ake naɗa alƙalan sulhu na yankuna, waɗanda ba a biyansu albashi, saboda haka sau da yawa mai ƙasar da aka kama lebura yana farautar zomo a dajinsa, shi ko maƙwabcinsa ne zai yanke hukunci. A ƙarƙashinsu akwai manoman da ke hayar gonakin, sannan leburorin gona waɗanda ba su da ko taƙi ɗaya. Dokokin killace filaye da majalisa ta yi ta zartarwa a wannan zamani sun raba talakawan ƙauye da makiyayar gari, inda a da suke kiwon saniya ɗaya ko 'yan agwagi, su kuma samo itacen girki, suka koma dogaro da ladan yini kawai.

A tsakiya akwai waɗanda ke ci daga jari ko daga ilimi: masu masaƙu, masu bankuna, manyan 'yan kasuwa, likitoci, lauyoyi, har zuwa masu kantuna da akawuna. Tazarar da ke tsakanin na sama da na ƙasan wannan rukuni tana da girma ƙwarai, amma akwai alamar da za ka iya dogara da ita, wato ajiye mai aikatau ko da guda ɗaya ce, da kuma barin matar gida ba ta fita neman kuɗi. Ka lura da cewa dukiyar masana'anta ba ta sayen martaba nan take. Arkwright da aski da yin gashin kanti ya fara, ya tara dukiya mai yawa, aka ba shi lambar girma ta Sir a 1786, kuma abin da ya yi da kuɗinsa shi ne sayen ƙasa da gina katafaren gida, domin ya san ta nan ake shiga cikin manya. Iyalin Peel sun nuna yadda tafiyar take ɗaukar zuriya biyu ko uku: uban ya yi arziki da buga yadin auduga a Lankasha, aka tura ɗan makarantar Harrow da jami'ar Oxford, shi ne Robert Peel da ya zama firayim minista a 1834, ya sake zama a 1841.

Masu cin guminsu ma ba tsintsiya ɗaya ba ne, kuma a nan ne mai karatu ya fi bukatar natsuwa. Kafinta ko maƙeri ko mai ɗab'i da ya yi shekara bakwai yana koyon sana'a, yana da kayan aikinsa, yana da ƙungiyarsa, ba ya yarda a haɗa shi da lebura. A cikin masaƙa ɗaya, mai kula da babban injin kaɗi yana iya samun sule 25 ko fiye a mako, shi ne kuma yake ɗaukar yaran da ke taimaka masa ya biya su daga aljihunsa, wani lokaci 'ya'yansa ne na cikinsa. Can ƙasa akwai masu dako, masu haƙar hanyoyin ruwa da na jirgin ƙasa, masu talla a titi, da baƙin da suka ƙetaro daga Ailan, waɗanda suka ƙaru sosai bayan yunwar da ta fara a 1845, kuma su ake bar wa aikin da ya fi wahala da ɗakin da ya fi muni.

Wa ke da iko da lokacinsa

Wannan ita ce tambayar da na fi ba muhimmanci, domin a nan ne zamanin injuna ya fi sauya rayuwar mutane. Masaƙin da ke aiki a gida yana iya hutawa ranar Litinin, kamar yadda masu sana'a da yawa suka saba, ya ƙure kansa da aiki daga Laraba zuwa Asabar, ya kuma ajiye saƙa ya tafi girbi idan kaka ta yi. Aikin yana da wuya, amma shi yake tsara shi. Masaƙar inji ba ta san wannan ba, domin idan an hura tukunyar tururi dole kowane hannu ya kasance a wurinsa.

Ka ɗauki safiyar hunturu a unguwar Ancoats ta Mancesta wajen 1830. Yawancin gidaje babu agogo, saboda haka akwai mutumin da sana'arsa tashin jama'a ce, yana bin layi da doguwar sanda yana ƙwanƙwasa tagogin ɗakunan sama, ana biyansa 'yan kwabbai a mako. Kafin ƙarfe shida ƙararrawar masaƙa ta kaɗa, titi ya cika da ƙarar takalman katako a kan dutse, wanda ya makara kuma a ci shi tara ko a rufe masa ƙofa. A ciki ana barin ɗakunan kaɗi da zafi da laima don kada zare ya yi ta tsinkewa, ma'aikata suna tafiya ba takalmi a kan daɓen da mai ya jiƙa, ƙurar auduga tana shiga huhu. Injin kaɗin da Samuel Crompton ya ƙirƙiro a 1779 yana da wani sashe da ke fita ya dawo a kan ƙafafu, yana jan ɗaruruwan zaruruwa a lokaci ɗaya. Yara masu ɗaura zare suna binsa gaba da baya duk yini suna haɗa wanda ya tsinke, ƙananansu kuma suna rarrafe a ƙarƙashinsa suna kwashe ɓurɓushin auduga alhali yana aiki. Awa goma sha biyu zuwa sha huɗu ake yi a haka, kwana shida a mako, kuma a ƙarshen yini, lokacin da barci ya fara ɗaukar yaro, aka fi rasa yatsu.

Ka riƙe shekarun dokokin aiki a ka, domin su ne za su gaya maka abin da ya halatta a lokacin da kake karantawa. Dokar 1802 ta taɓa marayu da 'ya'yan matalauta da hukumomin gundumomin coci ke miƙa wa masu masaƙu da sunan koyon sana'a, amma ba a tilasta bin ta yadda ya kamata ba. Dokar 1833 ce ta fara yin tasiri: ta hana ɗaukar yaro da bai kai shekara 9 ba a yawancin masaƙu, ta ƙayyade awa 48 a mako ga 'yan shekara 9 zuwa 13, da awa 12 a rana ga waɗanda ba su kai 18 ba, ta kuma naɗa sufetoci huɗu ga ƙasar baki ɗaya. Tun da ba a fara rajistar haihuwa ta gwamnati ba sai 1837, likita ne ke duban yaro ya ƙiyasta shekarunsa, kuma iyayen da ke cikin halin hannu baka hannu ƙwarya suna da dalilin ƙara masa shekaru. Dokar 1842 ta hana mata da yara mata, da yara maza 'yan ƙasa da shekara 10, aiki a ƙarƙashin ƙasa a mahaƙar kwal, sannan ta 1847 ta mayar da aikin mata da matasa a masaƙu awa goma. Ko lokacin cin abinci yana nuna matsayi: ma'aikaci da tsakar rana yake cin babban abincinsa saboda a lokacin ake sakinsa, masu hali kuwa sun yi ta jan nasu zuwa yamma da dare.

Gida, tukunya da tufafi

Daga nan sai ka duba inda mutum yake kwana. A biranen arewacin Ingila an gina wa ma'aikata layukan gidaje masu jingine da juna ta baya da ta gefe, ta yadda ƙofa da taga ta gaba kawai suke, iska ba ta ratsawa. Gidaje da yawa suna tarayya a masai ɗaya da famfo ɗaya a tsakar lungu, ruwan ma ba kullum yake zuwa ba. Waɗanda ba su iya biyan hayar irin wannan gida suna sauka ɗakunan ƙarƙashin ƙasa, kuma a Libaful dubban mutane ne suka rayu a cikinsu. Masu hali sun fice zuwa bayan gari, galibi ta ɓangaren da iska ba ta kai musu hayaƙi, suna shigowa ofis da keken doki. Friedrich Engels, marubuci Bajamushe wanda ya zauna a Mancesta daga 1842 zuwa 1844, ya lura cewa manyan titunan da ke shiga tsakiyar birnin kantuna ne suka jeru a bakinsu, ta yadda attajiri zai iya wucewa kullum bai ga unguwannin da ke bayan kantunan ba.

A rahoton da Edwin Chadwick ya gabatar a 1842 kan tsaftar muhallin ma'aikata akwai alƙaluman da ake yawan kawowa. A Mancesta matsakaicin shekarun da ake mutuwa a gidajen manya da masu ilimin sana'a 38 ne, a gidajen masu kantuna 20, a gidajen ma'aikata 17, alhali a karkarar Rutland alƙaluman 52 ne da 41 da 38. Ka karanta su da hankali. Ba suna nufin ma'aikacin Mancesta yana mutuwa yana ɗan shekara 17 ba ne, yawan jariran da ke mutuwa kafin su kai shekara biyar ne ya ja lissafin ƙasa. Amma abin da suke nunawa yana da nauyi: leburan gona a Rutland daidai yake da mai matsayi a Mancesta, wato wurin zama yana iya rinjayar aljihu. Kwalara ta shiga ƙasar ta Sunderland a 1831, ta bazu a 1832, ta dawo a 1848, shekarar da aka zartar da dokar farko ta kiwon lafiyar jama'a.

A tukunya, ka nemi nama. Abincin ma'aikaci burodi ne da dankali da shayi mai sukari, a arewa a ƙara da kunun hatsin ot, ɗan naman alade kuwa idan ya samu maigida ake ajiye wa, saboda ƙarfinsa ne jarin gidan, uwa ta haƙura da burodi da shayi. Talaka yana saye kaɗan-kaɗan, sau da yawa bashi, shi ya sa yake biya da tsada, kuma shi ake sayar wa burodin da aka zuba wa alif don ya yi fari da madarar da aka tsinka da ruwa. Wasu masu masana'antu suna biyan lada da takardar da ba ta amfani sai a kantinsu, abin da dokar 1831 ta haramta ko da yake bai daina nan da nan ba. Wannan halin ne ya sa wasu mutum 28 a garin Rochdale, da yawansu masu saƙa, suka haɗa kuɗi suka buɗe kantin haɗin gwiwa a 1844 don su sami gari da man shanu masu tsabta a kan mudu na gaskiya.

Tufafi sun fi komai saurin nuna mutum a titi. Mai matsayi yana sa kwat na lallausan ulu da doguwar hula, ma'aikaci yana sa kauraran yadin auduga, matarsa ta yafa mayafi a kai. Gida mai rufin asiri yana da kayan Lahadi, kuma waɗannan kaya su ne bankinsa: a kai su gidan jingina ranar Litinin a karɓi kuɗin cefane, a fanso su ranar Asabar da yamma idan an biya lada, a sa su zuwa coci, a sake mayar da su. Ya kamata mai karatu ya tuna kuma cewa audugar da ta sa yadi ya yi araha, mafi yawanta daga gonakin kudancin Amurka take zuwa ta tashar Libaful, bayi ne suka nome ta, saboda haka tsanin matsayin da muke dubawa ƙafarsa ta ƙasa tana can ƙetaren teku.

Game da mata, ka yi hattara da takardu, domin suna ɓoye aikinsu. Matar aure a dokar lokacin ba ta mallakar abin da ta samu, na mijinta ne, kuma masu ƙidaya sukan bar gurbin sana'arta fanko ko da tana wankau ko ɗinki ko ajiye 'yan haya. Ƙidayar 1841 ce ta fara rubuta sunan kowa, ta 1851 ta ƙara da dangantakar kowa da maigida da garin haihuwarsa, saboda haka a shafi ɗaya za ka iya ganin ko gidan yana da baranya ko kuwa yana da 'yan haya, kuma wannan bambanci kaɗai ya isa ya raba maka gida mai hawa da gida mai fama. Rajistar aure ma tana da amfani, domin wajen 1840 kusan kashi ɗaya cikin uku na angwaye da kusan rabin amare alama suke yi a maimakon sa hannu.

Coci, ƙuri'a da kotu

A coci ma akwai tsari. Iyalai masu hali suna hayar kujerunsu a gaba, talakawa suna zama a bencin kyauta a baya. Masu ƙasa galibi 'yan Cocin Ingila ne, masu masana'antu da yawa kuwa suna bin ɗariƙun da ke wajenta, waɗanda doka ta tauye musu riƙe muƙaman gwamnati har 1828. Makarantun Lahadi, da suka yaɗu daga shekarun 1780, su ne inda yaran ma'aikata da yawa suka koyi karatu.

A fagen siyasa ne za ka ga ƙarara cewa rukunan uku ne, ba biyu ba. Kafin 1832 Mancesta da Bamingam ba su da wakilan kansu a majalisa, alhali kufai irin Old Sarum yana aika biyu. Ranar 16 ga Agusta 1819 mutane kimanin 60,000 suka taru a filin St Peter na Mancesta suna neman gyara, mahaya dawakai suka afka musu da takubba, aka kashe fiye da goma, ɗaruruwa suka ji rauni. Dokar gyara ta 1832 ta ba da ƙuri'a a birane ga namijin da ke zaune a gidan da hayarsa ta kai fam 10 a shekara, wato ta shigar da mai kanti ta bar ma'aikaci a waje, kuma wannan ɓacin rai ne ya haifi gwagwarmayar masu takardar bukatun jama'a ta 1838, waɗanda suka kai koke majalisa a 1839 da 1842 da 1848 aka yi watsi da shi. Dokar hatsi ta 1815 ta tare shigo da alkama mai araha don kare hayar masu ƙasa, masu masana'antu suka yaƙe ta har aka soke ta a 1846, wasu daga cikin masu ƙasa kuma suka goyi bayan rage awannin aiki a masaƙu. Kotu ma ba ta ɗauki mutane daidai ba: a ƙarƙashin dokar 1823, ma'aikacin da ya bar aiki kafin wa'adi ana iya ɗaure shi wata uku, maigidan da ya saɓa alkawari kuwa ƙararsa kawai ake iya kaiwa a nemi kuɗi. A 1834 leburorin gona shida daga ƙauyen Tolpuddle, waɗanda aka rage musu lada zuwa sule 7 a mako, an yanke musu korar shekara bakwai zuwa Ostireliya saboda rantsuwar da suka yi wajen kafa ƙungiya.

Tambaya ta uku ita ce ta ranar da ƙarfi ya ƙare. Mai ƙasa idan ya kwanta ciwo haya ba ta daina shigowa, mai kanti yana da kaya da ɗan ajiya, ko da yake bashi yana iya kai shi kurkuku, ma'aikaci kuwa mako biyu na jinya ko rufewar masaƙa sun isa su kai gidansa ƙasa. Kafin 1834 gundumar coci tana iya taimaka masa da kuɗi ko burodi yana zaune a gidansa. Sabuwar dokar matalauta ta wannan shekara ta nufi mayar da taimako zuwa gidan aikin matalauta, inda da gangan aka tsananta rayuwa don kada kowa ya shiga sai wanda ya rasa yadda zai yi: a raba miji da mata, a raba iyaye da 'ya'ya, a ba su tufafin gidan, a sa su fasa dutse ko warware tsohuwar igiya. Saboda tsoron wannan gida ne ma'aikata suka riƙa zuba kwabbai kowane mako a ƙungiyoyin taimakon juna, kuma idan ka ga sunan mutum a littafin irin wannan ƙungiya, to ka san yana cikin masu ɗan abin hannu, domin na can ƙasa ba ya iya jure zubin.

Ka bi mutumin har kabari idan takardu sun ba ka dama. Wata doka ta daban ta 1832 ta halatta miƙa gawar wanda ya mutu a gidan matalauta ko asibiti, ba a sami mai karɓarta ba, ga makarantun likitanci don a feɗe ta a koyar da ɗalibai, abin da a da gawar masu kisan kai ake yi wa. Wanda gundumar coci ta binne kuwa akwati mafi araha ake sa shi, a ramin da ake haɗa mutane da yawa, babu dutsen suna. Shi ya sa iyalin da ba sa ganin nama sai ranar Lahadi suke ware kwabo ɗaya ko biyu a mako don asusun jana'iza, har da na jaririn da aka haifa jiya, kuma sukan bar kuɗin haya ya taru a kansu kafin su yarda zubin wannan asusu ya tsallake mako.